Idan Za a Sayar da Gidajen Gwamnati, Wa Ake Tambaya? Waiwaye Daga Gumel Zuwa Abuja

Idan ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta Gujungu zuwa Gumel da Maigatari, ko ma kowace babbar hanya a Arewa, ka san irin gidajen nan da ake gani a bakin gari: jere guda, fasali ɗaya, fenti ɗaya da rana ta cinye. Wasu kwatas ɗin ma'aikatan asibiti ne, wasu na malaman makaranta, wasu na ƙaramar hukuma, wasu kuma su ne gidaje masu sauƙin kuɗi da ake kira lokos. Da kuɗin jama'a aka gina su, a kan filin da galibi gonar wani ce a da. To idan wata rana gwamnati ta ce za ta sayar da su, wa ya kamata a tambaya?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce, a tambayi wanda ke ciki. Gaskiya ne, amma da saura. Idan ka bi tarihin a hankali, za ka tarar kowane gidan gwamnati yana da masu haƙƙi iri uku. Akwai mazaunin ciki. Akwai mai jiran gado, wato ma'aikacin da za a turo gobe ko talakan da ke fatan layi ya zo kansa. Sannan akwai mutanen garin da aka karɓi filinsu aka yi ginin. A Najeriya, idan an yi adalci sosai, na farkon kaɗai ake yi wa magana. Na biyu da na uku sai dai su ji a rediyo.

Kafin zuwan kwatas

Masarautar Gumel, wadda yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ta kafu wajen 1750 a hannun Mangawa. Ta yi mubaya'a ga Borno, jihadin Shehu Usmanu bai ci ta ba, kuma a 1845 ne fadar ta bar Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, ta dawo inda garin Gumel yake. A wancan zamani babu wani abu wai shi gidan gwamnati a ma'anar da muka sani yau. Mai neman wurin zama zai je wajen bulama ko mai unguwa, a nuna masa fili a gaban shaidu, 'yan uwa da maƙwabta su taya shi gini. Ba a rasa zalunci a tsarin ba, masu sarauta sun sha fifita nasu. Sai dai duk abin da za a yi, a idon mutane ake yin sa, kuma wanda ya yanke hukuncin gobe ma za ka gan shi a masallaci ko a kasuwa.

Fiƙihun da ake aiki da shi a ƙasar nan ma ya san da wannan. Akwai shufa'a, wato idan mutum biyu sun yi tarayya a gida ɗaya, ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana da ikon karɓe cinikin a kan farashin da aka yi. Akwai kuma ƙa'idar malamai da ke cewa duk abin da shugaba zai yi da dukiyar al'umma, dole ya rataya a kan maslaharsu. Ka riƙe waɗannan biyun, za su yi mana amfani a gaba.

Turawa sun shigo yankin a 1903, aka sanya Gumel cikin Lardin Kano. A 1910 suka kafa dokar ƙasa ta Arewa, wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Daga nan ne gidajen hukuma suka fara: bariki domin Turawa, gidajen En'e domin ma'aikatanta, da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a tashoshi. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta Gagarawa ya ratsa. Lura da asalin abin fa: an ƙirƙiro gidan gwamnati ne domin ma'aikacin hukuma ya zauna kusa da aikinsa. Talakan gari ba ya cikin lissafin, shi ya sa tun farko ba a saba tambayarsa ba.

Dokar filaye ta Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan wannan turba, sannan Dokar Amfani da Filaye ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta shimfiɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya. Sashenta na farko ya ce ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin dukkan 'yan Najeriya. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallakar mutum idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya. Diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da shuka da abin da mutum ya kafa a kan filin, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Ma'ana, manomin da aka karɓi gonarsa domin a gina lokos ya ba da gudummawar da ba a biya shi cikakke ba, bisa hujjar cewa amfanin kowa ne. Ranar da aka sayar da gidan ga mutum ɗaya, ina hujjar ta tafi?

Zamanin gini

Kuɗin man fetur ne ya sa gwamnatin tarayya ta shiga gina gidaje gadan-gadan. A 1973, zamanin Gowon, aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin gidaje 202,000, amma abin da aka gina bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau a 1979, sai ya sanya gidaje da abinci a gaban komai. Shirinsa shi ne gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha, mafi yawansu masu ɗaki ɗaya da falo domin masu ƙaramin ƙarfi. Har yau unguwannin da ake kira Shagari Kwatas suna nan a Kano da garuruwa da dama na Arewa.

Shirin bai cika ba, kuma dalilan suna da alaƙa da zancenmu. Na ɗaya, fili yana hannun gwamnoni, gwamnoni da yawa kuma 'yan adawa ne. A lokacin yankin Gumel yana cikin jihar Kano ta Abubakar Rimi na PRP, tarayya kuma tana hannun NPN. A jihohi da dama gidajen sun faɗa can bayan gari, nesa da ruwa da wuta da kasuwa, wasu suka yi shekaru babu kowa ciki. Na biyu, zane guda aka ɗauko aka buga a ko'ina, daga bakin teku har bakin iyakar Nijar. Kai da ka san gidan Bahaushe, ka san yana buƙatar zaure, da katanga mai tsare mutuncin iyali, da tsakar gida, da wurin ɗaure dabba. Ɗaki da falo a fili fetal ba zai ɗauki wannan rayuwa ba. Shi ya sa idan ka shiga tsofaffin kwatas yau za ka ga kowa ya ja katanga, ya ƙara ɗakuna, ya fitar da zaure ko shago. Shawarar da ba a nema wajensu a takarda ba, sun ba da ita da bulo. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

A ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya yanke Jigawa daga Kano, aka ɗora hedikwata a Dutse, garin da a lokacin ba shi da gidajen da za su ɗauki ma'aikatan jiha guda. Ma'aikata da yawa sun daɗe suna kwana a Kano suna zuwa aiki, har aka gina rukunoni irin su Gida Dubu. Da Saminu Turaki ya zo a 1999, sai ya rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan jihar, har da Gumel, kuma a zamaninsa aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari. Sule Lamido ya hau a 2007 ya mayar da ma'aikatun Dutse. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin lura a nan shi ne, sa hannu ɗaya a gidan gwamnati yana iya cika gidajen haya a gari irin Gumel, wani sa hannun kuma ya kwashe mutanen, ba tare da an zauna da masu gidaje ko 'yan haya ba.

Zamanin sayarwa

A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin biyan ma'aikaci kuɗi a madadin gida da mota da sauran alfarmomi. Hujjar tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Gyaran gidajen yana cin kuɗi, hayar da ake cirewa daga albashi ba ta taka kara ta karya ba, mutane suna yin ritaya su ƙi fita, wasu ma su ba da haya su karɓe kuɗin. Ga kuma ma'aikacin da ya yi shekara 35 yana bauta wa ƙasa, ya fita ba shi da ko ɗaki. Idan an sayar masa da gidan da yake ciki, an share masa hawaye. Tunda an daina ba da gida, sai aka ce a sayar da waɗanda ke ƙasa.

Yadda aka yi cinikin ne ya bar darasi. A Ikoyi da ke Legas, an raba gidaje 207 ga manyan jami'ai da makusantan masu mulki ba tare da gwanjo a fili ba. Da maganar ta fito a jarida a 2005, Obasanjo ya soke cinikin, ya sallami ministar gidaje, Mobolaji Osomo. Rukunin gidajen 1004, shi ma a Legas, an sayar da shi dunƙule ga 'yan kasuwa kan naira biliyan 7, kuma a Disambar 2005 jami'an tsaro suka fitar da mazauna ciki, waɗanda da yawansu ma'aikatan gwamnati ne da suka nemi a sayar musu.

A Abuja kuwa, ƙarƙashin ministan birnin Malam Nasir el-Rufai, an bi wata hanya dabam daga 2005. An buga ƙa'idoji, aka ba ma'aikacin da ke ciki damar fara saye, ya biya kashi 10, ya ƙara kashi 15, sauran kashi 75 ya nemi lamunin gida a banki. Kusan shufa'ar nan ce da muka ambata, a sabon salo. Gidaje kimanin dubu talatin ne abin ya shafa, kuma dubban ƙananan ma'aikata sun mallaki gida a Abuja ta wannan hanya, abin da ba su taɓa mafarki ba. Duk da haka, a 2008 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Abubakar Sodangi ya yi zaman sauraron jama'a, ƙorafe-ƙorafe suka yi ta kwarara a kan waɗanda aka fitar da kuma inda kuɗin ya shiga, shi kuma tsohon ministan ya tsaya kan cewa an bi ƙa'ida. Ka lura da lokacin da aka saurari jama'a: shekara uku bayan an fara ciniki.

Sannan ga tambayar da ba a cika yi ba. Matashin da aka ɗauka aiki a 2010, ina nasa gidan? Babu. An rufe ƙofa bayan sahun farko sun shige. Shi ne za ka gani yana tasowa daga Mararraba ko Suleja da asuba domin ya kai ofis. Wannan shi ne mai haƙƙi na biyu, kuma ba shi da wakili a ranar da aka yanke shawara, domin a lokacin yana makaranta.

Jihohi sun bi sahu. A 2017 gwamnatin Kaduna ta fitar da gidajen ma'aikata kusan dubu biyu ta hanyar gwanjo a farashin kasuwa, ma'aikata da yawa suka koka cewa albashinsu ba zai kai ba. A Kano, an sayar ko an ba da wasu filaye da gine-ginen jama'a a zamanin Ganduje, irin su Otal ɗin Daula da gefen filin Idi na Ƙofar Mata. Abba Kabir Yusuf ya hau ranar 29 ga Mayu 2023, cikin 'yan kwanaki aka fara rusau. 'Yan kasuwar filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare kake goyon baya, lissafin ɗaya ne: an sayar ba a tambayi jama'a ba, an rushe ba a tambaye su ba, diyyar kuma daga asusunsu za ta fito. Cinikin da ba shi da yardar jama'a a bayansa yakan rayu ne gwargwadon wa'adin gwamnatin da ta yi shi, don haka shi kansa mai sayen yana cikin haɗari.

Abin da ya faru a Gagarawa

A ƙasar Gumel, babbar jarrabawar wannan tambaya ta zo ne a kan gonaki, amma dokar da hujjar duk iri ɗaya ne da na gidaje. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wajen 2016 zuwa 2017, gwamnatin Jigawa ta ware hekta 12,000 domin noman rake da masana'antar sukari ta rukunin kamfanonin Lee. Filin ya shafi ƙauyuka a Gagarawa da Sule Tankarkar, da kuma Garki da Taura na masarautar Ringim. Gwamnati ta ce aikin zai kawo ayyukan yi da kuɗin shiga, za a biya diyya, manoma kuma za su shiga noman raken. Manoma da yawa suka ce gonakin gero da riɗi da suka gada su ne abincinsu, diyyar ba za ta maye gurbinsu ba, kuma ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. An yi zanga-zanga, wasu suka ƙi karɓar diyya, magana ta kai kotu.

Ba sai ka yanke hukunci a kan waye mai gaskiya ba kafin ka ɗauki darasin. Lokacin da mutane suka shiga maganar da ƙarfi, an riga an yi nisa, sai muhawarar ta koma kan nawa za a biya, alhali tambayar farko ita ce a yi ko kada a yi, kuma a ina. Dokar 1978 ɗin nan ma, a sashe na 6, ta ce idan an soke mallakar gargajiya ta gonar da mutum ke nomawa, ƙaramar hukuma ta ba shi wani filin noma a madadi. Manoma nawa ne suka san da wannan kafin a zo auna gonarsu? Wanda bai san haƙƙinsa ba, ko an kira shi taro, sauraro kawai zai yi.

Inda aka bari jama'a suka yi magana

Kada ka ɗauka wannan matsalar tamu ce mu kaɗai. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher a Birtaniya ta ba masu haya a gidajen hukumomin gari ikon sayen gidan da suke ciki, da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin 100. Mutane sun yi murna, kuma a Ingila kaɗai an sayar da gidaje kusan miliyan biyu. Sai dai an taƙaita wa hukumomin amfani da kuɗin wajen gina sababbi. Yau iyalai fiye da miliyan ɗaya ne ke layin jiran gida a Ingila, kuma da yawa daga gidajen da aka sayar sun koma hannun masu ba da haya a farashin kasuwa. Scotland ta soke tsarin a 2016, Wales ta bi a 2019. Mazaunin ciki ya ci riba, mai jiran gado ya biya.

Amma a can ɗin akwai wani tsari da ya dace mu sani. Idan hukumar gari za ta miƙa gidajenta dunƙule ga wata ƙungiya, sai an kaɗa ƙuri'a tsakanin 'yan haya. A 2002 mutanen Glasgow suka amince, aka miƙa gidaje kimanin 80,000 bisa alkawarin gyara. A shekarar dai mutanen Birmingham suka ce a'a, aka fasa. Ka ga tambayar jama'a ba ta nufin kullum za su ƙi. Abin da take yi shi ne tilasta wa hukuma ta zo da alkawarin da za a iya kama ta da shi.

Jamus ta ba mu gwaji mai kyau, domin birane biyu sun fuskanci zaɓi iri ɗaya a shekara ɗaya. A 2006 majalisar birnin Dresden ta sayar da dukkan gidajenta, kimanin 48,000, ga wani kamfanin Amurka kan yuro biliyan 1.7, ta biya bashinta kaf. A 2017 birnin ya sake kafa sabon kamfanin gidaje daga tushe, domin ya ga yana buƙatar gidaje masu sauƙin haya. A Freiburg ma magajin gari ya so sayar da gidaje kusan dubu takwas domin biyan bashi. Mutanen gari suka tattara sa hannu, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Nuwambar 2006, kimanin kashi 70 cikin 100 suka ƙi. Masu ƙuri'ar kuma duk mutanen gari ne, har da waɗanda ba sa zaune a gidajen, wato masu haƙƙi na biyu da na uku sun sami baki. A Berlin kuwa, an sayar da kamfanin gidaje mai ɗauke da kimanin 65,000 a 2004 kan yuro miliyan 405, tare da basussukan da ke kansa. A 2019 birnin ya sake sayen kimanin 6,000 daga irin waɗannan gidaje kan yuro miliyan 920. Sayarwa na da sauƙi, dawo da abin ne tsada.

Tsani mai matakai takwas

Masu nazarin tsara birane suna da ma'aunin da suke auna irin wannan da shi. A 1969 wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a cikin yanke shawara da tsani mai matakai takwas, ta kasa su gida uku. A ƙasa akwai inda ake tara mutane domin a lallashe su ko a yi amfani da sunansu. A tsakiya akwai sanarwa da jin ra'ayi, inda za a saurare ka amma babu abin da ya wajabta a yi aiki da maganarka. A sama akwai inda jama'a ke da kujera da ƙuri'a, har su iya cewa a'a a tsaya. Idan ka ɗora tarihin da muka bi a kan wannan tsani, Ikoyi ko matakin sanarwa ba ta kai ba, Abuja ta tsaya a tsakiya, Glasgow da Freiburg suna can sama.

Jigawa ba baƙuwa ba ce wajen tara jama'a. A 2008 Sule Lamido ya shirya Taron Talakawa a Dutse, inda masu ƙaramin ƙarfi suka faɗi halin da suke ciki a gaban manya. Gwamna Umar Namadi yana da shirin Gwamnati da Jama'a da ke zagaya ƙananan hukumomi, kuma gwamnatinsa ta shiga gina gidaje 1,500 a Dutse da wasu manyan garuruwan jihar. Dandalin magana dai akwai shi. Abin aunawa shi ne ko abin da aka faɗa a wurin yana iya canza farashi, ko jerin sunaye, ko wurin da za a yi gini.

Doka ma ba ta bar ka hannu rabbana ba. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce a tabbatar da shigar jama'a cikin mulkinsu, sashe na 16 kuma ya sanya samar da matsuguni cikin manufofin gwamnati, ko da yake babin da suke ciki ba a cika iya kai ƙara a kansa kai tsaye ba. Wadda ta fi kaifi ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ka ikon rubuta wa hukuma ka nemi takardu, a ba ka amsa cikin kwana bakwai. An daɗe ana gardama ko ta shafi jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su.

Tun ran gini, tun ran zane

A garuruwa irin su Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, gidajen hukuma ba su da yawa, kuma wannan ne ya sa kowane ɗaya yake da nauyi. A Abuja idan an sayar da kwatas, ma'aikaci zai sha wuya amma zai sami haya a wani wuri. A ƙauyen da ke bakin iyaka, kwatas ɗin asibiti shi ne bambanci tsakanin ungozomar da ke kwana a gari da wadda ke komawa Gumel kafin magariba. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare tana da haƙƙi a kan wannan gida, ko da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba.

Saboda haka, duk ranar da ka ji ana batun sayar da gidajen hukuma a garinku, ko ana gina sababbi da za a sayar, akwai tambayoyin da ya dace ƙungiyar ci gaban gari, ko ta ma'aikata, ko majalisar hakimi ta yi a rubuce, tun kafin a buga fom. A fito da jerin gidajen da sunan wanda ke cikin kowanne, a liƙa a sakatariya kowa ya gani. A bayyana wanda ya yi kimar farashi da yadda ya yi. A ware gidajen da aikin asibiti da makaranta ya dogara da su, a ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. A faɗi asusun da kuɗin zai shiga, da adadin sababbin gidajen da za a gina da shi, da lokacin da za a gama. A sa sharaɗin shekarun da mai saye zai yi kafin ya sake sayarwa, domin kada rangwamen da aka yi domin ma'aikaci ya ƙare a aljihun dillali. Sannan iyalan da aka karɓi gonakinsu tun farko a ba su kaso a layin saye.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana sayarwa. Gwamnatin da ta amsa su a fili ta kare kanta daga zargi, ta kuma kare mai saye daga katafilar gwamnati mai zuwa. Daga Ikoyi zuwa filin Idi na Kano zuwa gonakin Gagarawa, jama'a sun yi magana a ƙarshe, a jarida ko a titi ko a kotu, kuma a kowane karo jinkirin sauraronsu ya ci kuɗi da lokaci da zumunci. Zama ɗaya a ƙofar fadar hakimi kafin a sa hannu ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.